Tsofaffin faya-fayan rock a sautin kewaye: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake tantance su

Tun daga wajajen shekarar 2000 kamfanonin kiɗa na Ingila da Amurka ke komawa rumbunansu suna ɗauko tef ɗin faya-fayan rock na shekarun 1960 da 1970, suna sake haɗa su don sifiku biyar, bakwai, ko fiye. Wasu sun fito da kyau har mai sauraro ya ji kamar bai taɓa sanin waƙar ba. Wasu kuma an warwatsa su ne kawai. Ga tambayoyin da masu son raba zare da abawa suka fi yi.

Mene ne ainihin abin da ake sake haɗawa?

A situdiyo ba a ɗaukar waƙa dunƙule. Ana ɗaukar ta a tef mai layi-layi: gangar ƙafa a layinta, bes a nasa, jita, fiyano, murya, 'yan amshi, kowa da gurbinsa. A 1967 layi 4 ake da shi a situdiyon Abbey Road na Landan, zuwa 1969 an kai 8, a farkon shekarun 1970 kuma 16 da 24 suka zama ruwan dare. Daga nan injiniya ya kitse waɗannan layuka su koma kafa biyu, hagu da dama, wato sitiriyo. Wannan kitson shi ne haɗi.

Sabon haɗi na kewaye yana komawa ne kan tef mai layi-layi, a sake kitson daga farko. Ya bambanta da gyaran ƙarshe da 'yan situdiyo ke kira mastarin, inda tsohon haɗin sitiriyo kawai ake ɗauka a ɗan daidaita kaurinsa da kaifinsa da ƙarfinsa. Mai mastarin ba ya iya ɗaga murya ya bar jita, domin an riga an kitse su tare.

Lambobin da ke jikin kwali: 5.1 na nufin hagu, tsakiya, dama, biyu na baya, da kafa guda ta bes mai zurfi da ake kira LFE. 7.1.4 ya ƙara biyu a gefe da huɗu a sama. 4.0 shi ne tsohon tsarin kusurwa huɗu na shekarun 1970.

Na saka faifan, ban ji abin da ake ta yabo ba. Laifin haɗin ne ko na kayana?

Galibi na kaya ne da ɗaki, kuma da nan ake farawa. Bi wannan tsari kafin ka ce uffan game da aikin injiniya.

Na farko, tabbatar abin da ke isa amfilifaya. Duba allonta: ya kamata ta nuna kafa 5.1 ko 7.1 ko Atmos (tsarin kewaye na Dolby mai haɗawa da sifikun sama) suna shigowa. In ta nuna PCM 2.0, wato kafa biyu kawai, to sitiriyo kake ji wanda na'urar ta baza da kanta. Wayar hasken nan da ake kira oftikal ba ta ɗaukar kafa shida marasa matsi, wato waɗanda ba a zubar da komai daga cikinsu don rage girma ba. Iyakarta PCM kafa biyu ko Dolby Digital da DTS na matsi. Bluetooth kuwa sitiriyo ne zalla. HDMI ake buƙata, kuma in sautin ta talabijin zai bi, tsohon ARC, hanyar da talabijin ke mayar da sauti amfilifaya, ba ya wuce da Dolby TrueHD, sai eARC. Kashe duk wani yanayi da ke baza sauti da kansa, irin su Dolby Surround da DTS Neural:X da wanda ke zuba sitiriyo a dukkan sifiku. Yawancin ƙananan hom tiyata na kasuwa masu sifiku biyar da wufa guda, wato sifikar bes, wannan na ƙarshen suke yi a kullum, don haka ba a yi musu shari'ar haɗi.

Na biyu, wurin zama. Ƙa'idar ITU-R BS.775, wadda masu haɗa 5.1 ke bi, ta ajiye sifikar tsakiya a gabanka sak, hagu da dama a digiri 30 kowanne ɓangare, na baya kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato gefe da ɗan baya kaɗan. Ba a bayan ƙeya ba. Wanda kujerarsa ke jingine da bango, sifikar baya na daf da kunnensa, zai riƙa jin duk wani haɗi kamar an cika baya da surutu.

Na uku, nisa. Sauti na tafiyar kusan santimita 34 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, kuma kunne na bin sautin da ya fara isowa ne. Sifika guda ta fi sauran kusa da rabin mita, komai zai karkata can. Auna nisan kowacce da abin awo ka shigar a amfilifaya, ita za ta jinkirta na kusa.

Na huɗu, ƙarfi. Kunna sautin gwaji, wannan shuuu da ke zagaya sifiku ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe na'urar auna sauti daidai inda kanka yake zama, bakinta na kallon sama. Kowace kafa ta ba da desibel 75. Manhajar waya ma tana yi, tunda daidaito tsakanin sifikun ake nema, ba lambar kanta ba.

Na biyar, wayoyi. Ja da baƙi suka sauya a sifika guda, bes zai sirance kuma muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya za ta zama kamar hayaƙi, ba a san inda take ba.

Sai ɗakin kansa. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani zirrr ya biyo baya, bangon siminti da tayil suna mayar da sauti, kuma za su shafe amsa-kuwwar da ke cikin faifan. Kafet mai kauri tsakaninka da sifikun gaba, labule, da kantar littattafai suna rage wannan sosai. Fanka da ƙarar janareta kuma suna cinye ƙananan sautuka, waɗanda su ne rabin abin da ake ajiyewa a baya.

Yaya zan kwatanta da tsohon sitiriyo ba tare da kunne ya yaudare ni ba?

Daidaita ƙarfi tukuna. Kunnen ɗan Adam na ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau: bes ya fi cika, kaifi ya fi fitowa. Bambancin desibel ɗaya ya isa ya karkatar da hukunci, mutum bai ma san ƙarfi ne ya bambanta ba. A nan matsalar ta fi haka girma, domin ana miƙa haɗin Atmos na kiɗa a ƙarfin da bai wuce -18 ba a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira LUFS, alhali sitiriyon da aka yi wa mastarin na zamani kan kai -10 ko ya wuce. Ka sauya daga wannan zuwa wancan kai tsaye, Atmos zai yi kamar marar jini. A Dolby Digital ma akwai wata lamba a cikin faifan da ke umartar amfilifaya ta rage ƙarfi. In an sa ta a -27, desibel 4 ke sauka.

Zaɓi gaɓa guda ta daƙiƙa 20 zuwa 30, auna ƙarfinta a sigogin biyu, ka rubuta lambar da maɓallin ƙara yake a kowacce har su zo daidai cikin rabin desibel. Sannan ka riƙa sauyawa da sauri, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti fiye da 'yan daƙiƙu. In akwai wanda zai sauya maka ba tare da ka san wanne ke tafiya ba, ya fi.

Bayan wannan, ajiye awo ka saurari faifan gaba ɗaya a zama guda. Gwajin gaɓa na nuna bambanci. Dogon zama shi ke nuna wanda za ka iya rayuwa da shi.

To me zan saurara takamaimai?

Fara da murya. Hanya uku ake ajiye ta: a sifikar tsakiya kaɗai, a hagu da dama daidai-wa-daida har kunne ya ji ta a tsakiya, ko a dukkan ukun. Kowacce na da illarta. Ta tsakiya kaɗai tana tsayawa daram ko ina ka zauna, amma in an bar ta ba amsa-kuwwa sai ta zama busasshiya, kamar mawaƙin na cikin akwati, kuma duk raunin sifikar tsakiyarka zai bayyana. Ta hagu da dama ta fi kama da tsohon faifai, amma ka gusa gefe sai ta bi ka. Abin tambaya shi ne ko mawaƙin yana tare da makaɗansa a ɗaki guda, ko an liƙa shi ne a kansu.

Sai ganga da bes. Su ne ƙashin bayan rock, kuma nan ne sabbin haɗi suka fi faɗuwa. A tsohon sitiriyo, gangar ƙafa da bes da jita suna cunkushe a kafa biyu, suna bi ta na'urar matsi guda mai rage tazarar da ke tsakanin sanyi da ƙarfi, kuma wannan cunkoson ne ke ba waƙar naushi. Da zarar an raba su sifika-sifika, kowanne zai fito tsaf, amma naushin na iya tafiya. Gwada da gaɓar da ka san tana sa ka kaɗa kai. In a sabon haɗin kana jin komai dalla-dalla amma ƙafarka ba ta motsa ba, an yi asarar abin da ya fi muhimmanci, komai kyan rarrabawar. A ganinmu wannan ne ma'auni na farko, sauran duk bayansa suke.

Na uku, abin da aka kai baya, da dalilin kai shi. Abubuwan da suka saba zama da kyau a can su ne 'yan amshi, ogan ko Mellotron (kayan kiɗa mai maɓallai kamar fiyano) mai shimfiɗe, jita ta biyu da ke amsa wa ta farko, kayan kaɗe-kaɗe ƙanana, da sautukan ado. Wanda ya fi wuya a kare shi ne raba gangunan mutum guda gaba da baya, farantan ƙarfe a bayanka, ƙaramar ganga a gabanka, kamar mai gangar na da hannu mai tsawon mita uku. Akwai masu son haka, amma sai in waƙar ce ta nema.

Na huɗu, motsi. Kunne na iya haɗa sauti tsakanin sifiku biyu na gaba ya ji shi a tsakiyarsu, amma tsakanin ta gaba da ta baya a gefe guda ba ya yi da kyau. Saboda haka sautin da ke zagaya ɗaki a 5.1 kan yi tsalle daga gaba zuwa baya maimakon ya zame. Ƙwararren injiniya ya san da wannan, yana taƙaita zagaye ga inda tsohon haɗin ma ya yi yawo tsakanin hagu da dama.

Na biyar, amsa-kuwwa. Tsofaffin situdiyo da ɗakin amo na gaske suke aiki, ko farantin ƙarfe irin EMT 140, ko jinkirin tef, kuma sau da yawa a lokacin haɗi ake ƙara su, ba su kan tef mai layi-layi. Mai sabon haɗi dole ya sake ƙirƙirar su. Saurari wutsiyar sauti bayan mawaƙi ya rufe baki: tsawonta da duhunta sun yi daidai da na da, ko an sa wata mai sheƙi ta zamani da ba ta dace da shekarun faifan ba?

Dabara ta ƙarshe: kashe sifikun gaba ka saurari na baya kaɗai na minti guda, sannan ta tsakiya kaɗai. Abin da injiniya ya yi zai fito fili.

Haɗin da ya fi cika sifikun baya shi ne ya fi kyau?

A'a, kuma The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ya isa misali, tunda yana da haɗi fiye da ɗaya a hukumance. Alan Parsons, injiniyan da ya ɗauki faifan, ya yi haɗin kusurwa huɗu a zamanin fitowarsa a 1973. James Guthrie ya yi na 5.1 da ya fito a faifan SACD mai ɗaukar kafa shida a 2003. Akwatin Immersion na 2011 ya haɗa su biyun, don haka ana iya jin su kafaɗa da kafaɗa.

Na Parsons ba ya jin kunya. Ƙarar kuɗi da injin kanti da ke buɗe "Money" suna faɗowa kusurwa bayan kusurwa, kayan kiɗa sukutum suna zama a bayanka. Agogunan farkon "Time" ma asalinsu Parsons ya ɗauke su ne don gwajin tsarin kusurwa huɗu. Na Guthrie ya fi riƙe makaɗan a gaba, yana amfani da baya wajen faɗaɗa fili da sautukan ado, kuma ya fi santsi da nauyin bes. Masu sauraro sun rabu a kai har yau, kuma kowane ɓangare na da hujja. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne haɗin da ba a san matsayarsa ba: waƙa ta farko komai a gaba, ta biyu jita ta faɗo daga baya ba dalili, ta uku baya ya yi tsit.

Yaya ake gane haɗin da na'ura ce kawai ta baza sitiriyo?

Da gwajin kashe sifikun gaba. A haɗi na gaskiya za ka ji abu cikakke a baya: jita guda da za ka iya bin ta daga farko zuwa ƙarshe, ko muryoyin amshi tsaf. A na na'ura za ka ji inuwar waƙar gaba ɗaya, siririya, da ɓurɓushin murya yana leƙowa yana ɓacewa, farantan ganga kuma suna wani shuu-shuu kamar ana jin su ta cikin ruwa. Dalili shi ne na'urar tana ɗebo bambancin da ke tsakanin hagu da dama ne ta tura baya, ba ta da layin kowane kayan kiɗa.

Wannan ba kullum ha'inci ba ne. In tef ɗin waƙa ɗaya ya ɓata a cikin faifai mai waƙa goma, akan yi amfani da manhaja irin Penteo a cike gurbin, kuma kamfanonin kirki suna rubuta hakan a takardar cikin kwali. Karanta ta. In ba ka ga sunan wanda ya yi haɗin ba ko kaɗan, ka yi hattara.

Faifan da aka ɗauka a layi 4 fa, me za a raba a ciki?

Nan aikin ya fi wuya, kuma nan ya kamata mai hukunci ya yi adalci. A zamanin Sgt. Pepper na Beatles, in layuka huɗun suka cika, sai a juye su zuwa layi ɗaya ko biyu na wani sabon tef a ci gaba da ɗauka. Tef na ƙarshe saboda haka yana ɗauke da kaya da yawa a dunƙule. Sa'ar da aka yi, an adana tef ɗin farko-farko, shi ya sa a haɗin 2017 Giles Martin da Sam Okell suka iya jera su a kwamfuta su daidaita tafiyarsu, suka samu layuka fiye da huɗu. Daidaitawar kanta aiki ce, domin injin tef ba ya gudu da sauri ɗaya sak sau biyu.

Revolver na Beatles na 1966 bai ba da wannan dama sosai ba, tunda ganga da bes da jita sukan shiga layi guda tun a ɗaukar farko. A 2022 sai aka yi amfani da manhajar koyon na'ura da kamfanin daraktan fim Peter Jackson ya ƙera, ta tsefe su kamar yadda ake tsefe kitso. Duk inda aka yi irin wannan tsifa, ko a wane faifai ne, wuraren dubawa uku ne: bakin bugun ganga, ko ya dushe, wutsiyar farantan ƙarfe, ko tana rawa, da harafin "s" na mawaƙi, ko wani ɓangarensa ya maƙale a layin jita ya fito daga wata sifika dabam.

Pet Sounds na Beach Boys kuwa a mono, wato kafa ɗaya, aka yi shi a 1966, kuma Brian Wilson, wanda ya shirya shi, kunne ɗaya yake ji da shi sosai a lokacin. Duk wani sitiriyo ko kewaye na wannan faifai fassara ce ta baya, ba a auna shi da cewa ya kauce wa asali a wajen rarrabawa, tunda asalin ba shi da hagu balle dama.

Me ya sa wasu shahararrun faya-fayai ba su da haɗin kewaye na gaskiya?

Tef. Na waƙoƙi biyu a Aja na Steely Dan, "Black Cow" da "Aja" kanta, sun ɓata tun da daɗewa. Gobarar da ta tashi a harabar Universal a Hollywood a watan Yunin 2008 ta cinye tarin tef na asali. Waɗanda suka tsira ma ba duka ke kunnuwa ba: wasu nau'o'in tef na tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1980, irin su Ampex 456, suna shan danshi su yi danƙo, sai an gasa su a zafin da ya kai digiri 50 zuwa 55 na awanni da yawa kafin a iya juye su. Wani lokacin kuma tef ɗin na nan amma wani abu babu, domin an ƙara shi ne kai tsaye a lokacin haɗi.

Dole ne sabon haɗi ya bi tsohon sau da ƙafa?

A wajen daidaiton kaya, kusan e. Tef mai layi-layi na ɗauke da abubuwan da aka yi watsi da su da gangan: murya ta gwaji, jita ta uku, bugun da aka kashe a baiti na biyu. Injiniyan da bai yi nazarin tsohon haɗin ba zai bar su a buɗe, ko ya ɗauki muryar da ba ita aka zaɓa ba. Steven Wilson, wanda ya sake haɗa faya-fayan King Crimson tun daga 2009, da Aqualung na Jethro Tull a 2011, da Close to the Edge na Yes a 2013, an san shi da fara gina sitiriyon ya yi daidai da na asali gaɓa-gaɓa, kafin ya buɗe shi zuwa kewaye. Shi ya sa aikinsa ba ya ba wanda ya haddace faifan mamaki ta mummunar hanya.

Jin sabon abu ba laifi ba ne in dama yana cikin tsohon haɗin a binne. Laifi shi ne a ɗaga abin ado ya rufe abin da waƙar ta dogara a kai. Ka san waƙar da ka, ka lura da inda hankalinka ke zuwa a kowace gaɓa. In a da yana kan murya, yanzu kuma wata kacau-kacau a bayan kunnenka ta dama ta ɗauke shi, an sauya waƙar.

Bes ya yi yawa, ko ya ɓace gaba ɗaya. Daga ina?

Abu biyu ake rikitawa. Kafar LFE kafa ce ta ƙari da ba ta wuce 120 Hz, kuma ƙa'ida ita ce amfilifaya ta ɗaga ta da desibel 10 wajen kunnawa. Wufa kuma sifika ce da ke karɓar LFE tare da duk bes ɗin da aka karkato daga ƙananan sifiku, galibi abin da ke ƙasa da 80 Hz. In ba a yi wannan ɗagawar ba, kamar yadda kan faru in an bi ta wayoyin analog guda shida, bes zai rame. In an yi ta sau biyu, ɗaki zai yi ta gurnani.

Injiniyoyin kiɗa da yawa ba sa zuba komai mai muhimmanci a LFE, suna barin bes a sifikun gaba. To in ka gaya wa amfilifaya cewa ƙananan sifikunka manya ne, ba za ta karkatar da komai zuwa wufa ba, kuma bes ɗin zai faɗi a ƙasa. Yanayin Pure Direct ma a wasu na'urori yana kashe wannan karkatarwa. Gwada faifai uku na injiniyoyi dabam-dabam. Matsalar ta bayyana a duka, taka ce.

Haɗin ya burge ni a minti goma na farko, daga baya kunnena ya gaji. Me ke nan?

Yawanci mastarin ne: an matse tsakanin sanyi da ƙarfi, an kuma ƙara kaifi. Alamarsa, amshi ba ya tashi sama da baiti, ƙaramar ganga ba ta tsawa sai ta yi taf, kuma hannunka na ta neman rage ƙara. Sabbin haɗin Genesis da Nick Davis ya yi, waɗanda suka fito a 2007 da 2008, sun sha yabo kan rarrabawa kuma sun sha suka kan wannan matsi da kaifi, misali ne na yadda abu biyun ke rabuwa. Kafin ka ɗora laifi, duba ko amfilifayarka ta kunna nata matsin, wanda ake kira DRC ko yanayin dare. A wasu na'urori yana tashi da kansa da zarar ya ga Dolby TrueHD.

Faifai da intanet, akwai bambancin da kunne ke ji?

Akwai, amma bai kai bambancin haɗi mai kyau da marar kyau ba. Dolby Digital a DVD galibi ba ya wuce kilobit 448 a daƙiƙa ga kafa shida duka, alhali CD na sitiriyo 1,411 yake ci. DTS kan kai kusan 1,500. DVD-Audio da SACD da Blu-ray mai TrueHD ko DTS-HD Master Audio ba sa zubar da komai. Atmos na intanet, irin wanda Apple Music ta fara a 2021, yana zuwa ne a Dolby Digital Plus mai kilobit 768. Inda matsi ke tona kansa shi ne farantan ganga, tafin jama'a, da wutsiyar amsa-kuwwa a sifikun baya da na sama. In za ka rubuta hukunci, faɗi sigar da ka ji.

Zan iya yanke hukunci da hedifon ko doguwar sifikar ƙarƙashin talabijin?

Za ka iya faɗin ko ya yi maka daɗi a kansu, amma ba za ka iya tantance rarrabawa ba. A Atmos, sauti da yawa ba a ɗaure su da wata sifika ba, an ba su matsayi ne a ɗaki, na'urarka ce ke lissafa inda za su fito. A hedifon lissafin galibi na dogara da samfurin kai da kunne na wani mutum, wanda ba lallai ya yi kama da naka ba, shi ya sa wani ke jin abu a bayansa wani kuma a cikin kansa. Doguwar sifika kuma tana harba sauti bango da silin ne ya dawo, don haka rufin ɗakinka ya shiga cikin haɗin. Abin da za ka iya aunawa da gaskiya a kansu shi ne daidaiton murya da kaya, da ko naushin ganga ya tsira.

Tsofaffin haɗin kusurwa huɗu da ake sake fitarwa, yaya ake sauraronsu a kayan zamani?

A shekarun 1970 tsare-tsare uku suka yi ta gasa a faifan garmaho: SQ na CBS, QS na Sansui, da CD-4 na JVC. Na biyun farko suna cusa kafa huɗu cikin biyu ne, kuma da ƙaramar na'urar warwarewa rabuwar gaba da baya a SQ ba ta wuce desibel 3 ba, don haka mutanen wancan zamani ba su ji ainihin abin da aka haɗa ba. Fitowar yanzu a Blu-ray da SACD, irin jerin Quadio na kamfanin Rhino, daga tef mai kafa huɗu ake juyo su kai tsaye.

Sifikar tsakiya za ta yi shiru, kuma haka ya kamata. Kada ka kunna wani yanayi don cike ta. An haɗa su ne da sifiku huɗu iri ɗaya a kusurwoyi, wajen digiri 45 a gaba da 135 a baya, kuma injiniyoyin lokacin ba sa shakkar ajiye bes ko ganga sukutum a baya. In sifikunka na baya ƙanana ne, sa mahaɗar bes ɗinsu a 80 ko 100 Hz don wufa ta ɗauki nauyin. A tsarin 7.1, duba ko kafofin bayan suna fita ta sifikun gefe ne ko na can baya, domin na'urori sun bambanta a nan. In ta gefe suke fita, matsa kujerarka gaba kaɗan har su koma bayan kafaɗarka.